TARIHIN MODIBBO ADAMA, MALAMIN DA YA SARI GARIN YOLA

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga fiyayyen halitta, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

A wannan fitowa mun ga ya dace mu kawo muku tarihin mutumin da ya kafa garin da muke zaune a cikinsa, muke ci muke sha, wato Modibbo Adama, Allah ya jiƙansa. Abin da ya jawo haka kuwa, kwanan baya muna zaune a rumfa da yamma, hira ta kawo mu kan jami'ar nan da ke hanyar Girei, sai muka tambayi yaran da ke taya mu tsaron kaya ko wane ne mai sunan da aka sa mata. Duk cikinsu babu wanda ya iya faɗin abin da ya wuce cewa wani sarkin Fulani ne. Mu kanmu manyan da muka juya ga junanmu, sai muka tarar akwai mai iya jero sarakunan Kano tun daga Dabo, akwai mai iya kawo na Katsina, amma labarin garin da aka binne iyayenmu a cikinsa ya gagare mu. Wannan abin kunya ne, kuma waiwaye adon tafiya ne. Don haka ga abin da ya sawwaƙa.

ƘASAR DA YA TASO A CIKINTA

Kafin a fahimci mutumin, sai an fahimci ƙasar. Kogin Binuwai ya taso ne daga tsaunukan da ke cikin Kamaru a yau, ya biyo ta Garwa, ya haɗu da kogin Faro dab da kan iyaka, sa'an nan ya wuce ta gabanmu nan Jimeta. A Numan kogin Gongola ya zubo masa, daga nan ya miƙa har Lakwaja inda ya gamu da Kwara. A kudu da mu ga duwatsun Vere, a tsallaken kogi ta arewa ga duwatsun Bagale. Tsakaninsu fadama ce shimfiɗaɗɗiya wadda ruwa ke shafewa da damina, in ya janye ya bar ciyawa da tafkuna irin su Geriyo da Njuwa.

Mutanen da aka tarar a wannan kwari su ne Bata, waɗanda ke riƙe da bakin kogin, da Vere, da Chamba ta wajen kudu, da sauran ƙabilu masu yawa. Ciyawar fadama ita ta jawo Fulani makiyaya, galibinsu daga wajen Barno, suka riƙa shigowa rukuni-rukuni, kowane rukuni da arɗonsa. Akwai Wolarɓe, akwai Yillaga'en, akwai Ba'en, da wasunsu. Ba su da sarki guda da ya haɗa su. Kowane arɗo shi ke daidaitawa da sarkin ƙasar da ya sauka a cikinta, ya biya abin da aka yanka masa don shanunsa su yi kiwo. Wani wuri zaman ya yi daɗi har da auratayya, wani wuri kuma ya yi tsami. Fulani suna kiran wannan yanki Fombina, wato kudu, domin yana kudu da Barno inda suka fito.

HAIHUWARSA DA KARATUNSA

An haifi Adama a ƙarshe-ƙarshen ƙarni na 18, a cikin zuriyar Ba'en. Mahaifinsa shi ne Arɗo Hassana, wanda ya haɗa shugabancin jama'arsa da malanta. Ba'en ba su kai Wolarɓe ko Yillaga'en yawan mutane da shanu ba, kuma wannan magana ku riƙe ta, domin za ta dawo a gaba.

A hannun mahaifinsa ya fara karatu. Da ya tasa sai ya yi abin da almajiran wancan zamani ke yi, ya ɗauki allonsa ya nufi arewa, ƙasar Barno, wadda a lokacin ita ce matattarar masu neman Alƙur'ani da fiƙihu. Can ya zauna shekaru a gaban wani malami da ake kira Malam Kiyari. Da ya komo gida sai mutanensa suka riƙa kiransa Modibbo, wanda da Fulatanci ke nufin malami. Sai dai bai dawo ya tarar da gida yadda ya bar shi ba. Wajen shekarar 1803 an kashe mahaifinsa a wani faɗa da ya tashi tsakanin Fulani da Bata.

A daidai wannan lokaci abubuwa suna faruwa a ƙasar Hausa. A 1804 Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu, aka yi yaƙin Tafkin Kwatto, sa'an nan a 1808 Alƙalawa, babban birnin Gobir, ta faɗi. Labari ya bi fatake da almajirai har ya iso bakin Binuwai. Arɗo-arɗon Fombina suka ga ya kamata su ma su aika su ji matsayinsu. Suka tashi jama'a zuwa wurin Shehu, Modibbo Adama yana cikinsu, domin ana bukatar mai ilmin da zai iya magana da malamai da harshen malamai.

KARƁAR TUTA

A shekarar 1809 Shehu ya ba Modibbo Adama tuta, ya naɗa shi shugaban jihadi a ƙasar kudu, wato Lamiɗo Fombina. Ta haka ya shiga sahun masu tuta irin su Sulaimanu na Kano, da Ummarun Dallaje na Katsina, da Malam Musa na Zazzau, da Yakubu na Bauchi, da Buba Yero na Gombe.

To, a nan ne maganar da muka ce ku riƙe ta dawo. A cikin arɗo-arɗon akwai waɗanda suka girme shi, akwai waɗanda suka fi shi dukiya da mayaƙa nesa ba kusa ba. Shehu bai dubi wannan ba, ilmi ya duba. Wasu suka karɓa da hannu biyu, wasu suka karɓa a baki, zuciya kuwa ba ta kwanta ba. Shi ma Modibbo ya san da haka. Shi ya sa har ya koma ga Mahaliccinsa bai yarda a riƙa kiransa da sunan sarauta ba, Modibbo ɗin nan dai shi ya riƙe. 'Ya'yansa ne daga baya aka fara kira Lamiɗo.

Dabarar da ya bi ita ce, duk arɗon da ya zo ya yi mubaya'a, sai ya ba shi tuta ya ce ya je ya yi aiki a yankinsa, ya riƙe abin da ya buɗe, amma ya san akwai na gaba da shi. Ta wannan hanya aka sami ƙananan masarautu masu yawa. Buba Njidda ya kafu a Rai, Hamman Sambo ya yi Chamba ya zarce har Tibati, Arɗo Njobdi ya kafa Ngaundere, ga Garwa, ga Marwa, ga Banyo, ga Song ta arewa da kogi. Daga baya adadin waɗannan masarautu ya haura 40. Marubuta tarihi sun ƙiyasta faɗin ƙasar da ke bin sa a ƙarshen rayuwarsa da kimanin murabba'in kilomita 100,000. A duk masarautun da ke ƙarƙashin Sakkwato babu wadda ta kai ta faɗi.

Wani abin da ya kamata mu Hausawa mu lura da shi, sunan Adamawa kansa ƙirar harshenmu ce. Yadda muke cewa Kanawa da Katsinawa da Gobirawa, haka aka ce Adamawa, wato mutanen Adama. Sunan jama'a ne ya koma sunan ƙasa, har ya danne Fombina a bakin duniya. Yau ga jihar Adamawa a Nijeriya, ga kuma yankin Adamawa a Kamaru mai hedkwata a Ngaundere, duk sunan mutum guda.

YAƘE-YAƘENSA

Ba za mu ce komai ya zo masa da sauƙi ba. Bata mayaƙa ne, sun san kogi, sun san dutse. Wasu garuruwansu sun yi sulhu, wasu aka ci su da yaƙi, wasu suka tashi suka yi yamma. Bata na dutsen Bagale, waɗanda muke hangen duwatsunsu daga bakin gada, ba su faɗi a zamaninsa ba sam, sai a zamanin ɗansa Lawal. Bachama na wajen Numan kuwa ba a taɓa cin su ba har Turawa suka zo. Vere da yawa sun haye duwatsunsu inda doki ba ya iya bin su.

Babban yaƙin da ya fita da kansa zuwa nesa shi ne na Mandara, can arewa. Mandara ƙasa ce mai sarki Musulmi, mai dawaki, kuma tana da alaƙa da Barno. Modibbo ya ci nasara da farko, har ya shiga Dulo, babban birninsu, sarkin ya ja da baya zuwa Mora. Amma da mayaƙa suka ga gari ya buɗe, sai hankalinsu ya koma kan ganima, kowa ya shiga ɗibar abin da zai iya ɗauka. Mutanen Mandara suka sake shiri suka dawo musu, rundunar ta watse, shi kansa Modibbo da ƙyar ya tsira. Bai sake riƙe Mandara ba. Kun ga ke nan, kwaɗayi mabuɗin wahala, ko a fagen fama ko a kasuwa.

Akwai kuma abin da gaskiya ba za ta bari mu tsallake ba. Yaƙe-yaƙen nan, musamman waɗanda masu ƙananan tutoci suka yi ta yi a kudu, sun jawo kamun bayi mai yawan gaske. Bayi suna cikin gaisuwar da ake aikawa Sakkwato, kuma su ke noma a ƙauyukan da ake kira rumde, abin da mu muke ce wa rinji. Unguwar Rumde da ke nan Jimeta wannan kalmar ce take ɗauke da ita. Fataken ƙasar Hausa ma ba su fita daga wannan ciniki ba, sun saya sun sayar. Jikokin waɗanda abin ya faɗa wa suna nan tare da mu, maƙwabtanmu ne, abokan cinikinmu ne. In mun ji labarin ya bambanta a bakinsu, kada mu yi mamaki, kuma kada mu yi musu gatse.

DAGA GURIN ZUWA YOLA

Yanzu sai maganar mazauni, wadda ita ta fi shafar mu. Da Modibbo ya dawo da tuta, a Gurin ya zauna, a bakin kogin Faro, cikin ƙasar Fufore ta yau. Gurin tsohon garin Fulani ne mai arɗonsa, Arɗo Hamman, wanda ya karɓe shi ya mara masa baya. Can ne masallacin nan da ya shahara, wanda aka daɗe ana gina shi da karan dawa ana sabunta shi. Fiye da shekara 20 Gurin ce cibiyar Fombina.

Amma Gurin garin wani ne, kuma zakaru biyu ba sa cara a akurki ɗaya. Ga jama'a suna ta ƙaruwa, malamai da mayaƙa da baƙi daga Barno da ƙasar Hausa. Wajen 1831 sai ya tashi ya koma Ribaɗu. Bayan wasu shekaru, wajen 1839, ya sake matsowa yamma zuwa Njoboliyo. A 1841 ya yi tashinsa na ƙarshe, ya sauka a wurin da ya zama Yola.

Sunan ya fito ne daga kalmar Fulatanci yolde, wato tudu, ko jigawar da ta ɗan ɗaga sama da fadama. Duk wanda ya dubi wurin da idon basira zai ga hikimar zaɓen. Tudu ne, ruwan damina ba ya kwana a kansa. Ta arewa fadamar Binuwai ta raba shi da kogi, wadda in ta cika maharan da ke tsallake ba sa iya afko masa kai tsaye, in ta janye kuma ga makiyaya ga ƙasar noma. Ta kudu ga duwatsun Vere sun yi masa katanga. Sa'an nan wurin yana kusa da mashigin kogi, inda hanyar da ta fito daga Barno ta Uba da Mubi da Song take tsallakawa zuwa kudu. Mai zaune a nan yana iya sa ido a kan Bata na Bagale, yana kuma iya jin motsin duk ayarin da ya wuce. Modibbo ya kusanci kogi don amfaninsa, amma bai kwanta a bakinsa ba.

RIGIMAR CIKIN GIDA DA RASUWARSA

Shekarunsa na ƙarshe ba su zo da hutu ba. Shehu ya rasu tun 1817, Sarkin Musulmi Bello ya bi shi a 1837, aka naɗa Abubakar Atiku. A wannan lokaci wasu daga cikin masu ƙananan tutoci sun yi ƙarfi ƙwarai, har sun fi Yola dukiya da mayaƙa. Buba Njidda na Rai ya daɗe yana nuna shi ba yaron kowa ba ne. Hamman Sambo na Tibati kuwa sai ya nemi Sakkwato ta ba shi tuta tasa ta kansa, ya daina bi ta hannun Yola. Maganar ta yi nisa har ta kusa raba ƙasar biyu. Modibbo bai ɗauki takobi a kan ɗan'uwansa Musulmi saboda wannan ba, ya bi ta hanyar kai ƙara da haƙuri. Da Atiku ya rasu a 1842, Aliyu Babba ya hau, sai aka tabbatar wa Yola shugabancin Fombina gaba ɗaya.

A shekarar 1847 Allah ya karɓi ransa a Yola, shekara 6 kacal bayan ya sari garin, shekara 38 bayan ya karɓi tuta. Abin da dattawan garin ke faɗa a kansa har gobe shi ne, mutum ne mai sauƙin kai, mai gudun duniya, wanda ya rasu bai tara abin da masu ƙananan tutocinsa suka tara ba. 'Ya'yansa 4 ne suka gaje shi bi da bi: Lawal daga 1847 zuwa 1872, Sanda daga 1872 zuwa 1890, Zubairu daga 1890 zuwa 1901, sai Bobbo Ahmadu daga 1901 zuwa 1909. Har yau sarautar tana gidansa. Marigayi Lamiɗo Aliyu Mustafa, wanda da yawanmu muka yi wayo muka gani, ya yi mulki daga 1953 zuwa 2010, ɗansa Muhammadu Barkindo ya gaje shi.

YADDA GARIN YA KASANCE BAYANSA

Shekara 4 bayan rasuwar Modibbo, a watan Yuni na 1851, wani Bature Bajamushe mai suna Barth, wanda a ƙasar Hausa aka sani da Abdulkarimu, ya iso Yola daga Kukawa. Kwana kaɗan ya yi Lamiɗo Lawal ya sallame shi, saboda ya zo tare da manzannin Barno, alhali akwai jayayyar iyaka tsakanin ƙasashen biyu. Duk da haka ya rubuta abin da ya gani: gari ne buɗaɗɗe mai faɗi, mai ɗakunan ciyawa da manyan tsakar gida, ya kuma ƙiyasta mutanensa 12,000. Abin da zai ba 'yan kasuwa sha'awa, a lokacin wuri bai zama kuɗi a nan ba, da ƙyallen saƙi ake ciniki, wanda Fulani ke kira leppi.

Kakanninmu fatake suna cikin waɗanda suka raya wannan kasuwa. Suna zuwa da rigunan Kano da turkuɗi da kanwa da duwatsun ado, su koma da hauren giwa, wanda daga Kano yake bin ayarin Sahara har Tarabulus. Wasu ba su tsaya a Yola ba, suka zarce Ngaundere da Tibati da Banyo. Wasu kuma suka ajiye kaya suka yi aure suka zauna. Unguwar Wuro Hausa da ke cikin Yola shaida ce, domin wuro gari ne da Fulatanci. Ko a fada ma in ka saurari sarautu za ka ji Galadima da Waziri da Ajiya da Kaigama, waɗanda aka aro daga ƙasar Hausa da Barno.

Jimeta kuwa kogi ne ya yi ta. Tun cikin shekarun 1880 kamfanin Turawan Ingila ya kawo jirgi ya ɗaure a bakin ruwa yana saye da sayarwa daga cikinsa, domin ba a yarda su yi gini a tudu ba. A 1893 Ingila da Jamus suka zauna can ƙasarsu suka raba ƙasar da Modibbo ya haɗa: Yola da ɗan abin da ke kewaye da ita ga Ingila, mafi yawan ƙasar, har da Garwa da Marwa da Ngaundere, ga Jamus. Lamiɗo Zubairu bai yarda ba. A ranar 2 ga Satumba 1901 sojan Ingila ƙarƙashin Kanar Morland suka zo ta ruwa a lokacin cikar kogi, suka ci Yola. Ku duba, fadamar da ta tsare garin daga masu doki, ita ce ta ɗauko masu jirgi har kusa da ƙofarsa. Zubairu ya fita, ya gwabza da Jamusawa a Garwa da Marwa, aka kashe shi a 1903.

Da Turawa suka zauna, sai suka fi son kusa da mashayar jirgi. Kamfanoni irin su John Holt suka kafa kantuna da ɗakunan ajiya. Da damina, in kogi ya cika, jirage su hauro daga Lakwaja da gishiri da atamfa da kananzir, su sauka da gyaɗa da auduga da fata da ƙaro. Inda jirgi ke tsayawa nan ɗan dako yake, nan dillali yake, nan mai abinci da mahauci da maɗinki suke. Haka ɗan ƙauyen bakin ruwa ya cika da Hausawa da Barebari da Nufawa da Yarabawa da Ibo da mutanen ƙabilun ƙasar nan. Sunayen unguwanninmu sun isa shaida: Limawa, Alƙalawa, Gwadabawa, Yelwa, Ajiya, Nassarawo, ga kuma Luggere da Rumde da Dubeli da Jambutu da Karewa. Harshe fiye da ɗaya ne ya raɗa wa garin nan suna.

Sauran labarin sananne ne. A 1961 aka yi ƙuri'ar raba gardama, yankin Mubi da Ganye suka zaɓi Nijeriya. A 1976 aka ƙirƙiro jihar Gongola da hedkwata a Yola, a 1991 aka raba ta gida biyu, Adamawa da Taraba. Yau fadar Lamiɗo tana cikin Yola, a ƙaramar hukumar Yola ta Kudu, gidan gwamnati da sakatariya da babbar kasuwa kuwa suna Jimeta, a Yola ta Arewa. Jami'ar da muka fara magana a kanta an kafa ta a 1981, aka sa mata sunan Modibbo Adama a 2011.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

'Yan'uwa, abu biyu muke so mu ɗauka daga wannan tarihi.

Na farko maganar ƙasa da ruwa. Modibbo ya yi tashi uku kafin ya sami inda hankalinsa ya kwanta, kuma da ya samu, tudu ya zaɓa. Mutanen da kuma ba su raɗa suna a banza ba: in sun ce yolde tudu suke nufi, in sun ce luggere kwari suke nufi. Mu kuwa yau saboda arhar fili muna sayen fuloti a hanyar ruwa, mu zuba bulo, mu toshe magudana da shara. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Lagdo a Kamaru a 1982, cikar Binuwai ba ruwan samanmu kaɗai take bi ba, in an buɗe can sai mun gani a nan. Waɗanda suka ga ambaliyar 2012 da ta 2022 ba sa bukatar a yi musu dogon bayani. Kafin ɗayanmu ya biya kuɗin fili, ya tambayi dattawan wurin inda ruwa ke kaiwa a shekarar da ya yi yawa.

Na biyu maganar zama. Akwai masu cewa baƙo raɓa ne, da hantsi ya yi sai ya tafi. To mu dai hantsi ya yi, azahar ta yi, muna nan. Da rikicin 'yan Tatsine ya tashi a Jimeta a watan Fabrairu na 1984, wuta ba ta tambayi asalin mai rumfa ba kafin ta ci kasuwa, kuma gawawwakin da aka kwasa na kowa da kowa ne. Abin da ya sami garin nan ya same mu. Saboda haka bai kamata mu zauna kamar masu jiran mota ba, mu ce gyaran makaranta da magudana da maƙabarta aikin 'yan gari ne. Haka nan bai kamata don Hausa ta zama harshen kasuwa mu ɗauka mun fi kowa ba. Bata da Vere sun riga kowa, Fulani suka kafa sarauta da garin, mu muka zo da fatauci da sana'a, wasu suka zo bayanmu. Wanda ya san wannan jeri zai san girman da zai ba kowa, zai kuma san nasa matsayin ba tare da ya sunkuyar da kai ba.

Muna roƙon iyaye su karanta wa yara wannan tarihi, su kuma bar su su koyi Fulatanci ko da na gaisuwa ne. Malaman Islamiyyunmu su ma su sa shi cikin abin da suke koyarwa. Wanda ya sami hali ya ɗauki iyalinsa ran hutu ya kai su Gurin su ga inda abin ya faro, ba nisa gare ta ba. Dattawan da ke da labarin zuwan kakanninsu garin nan kuma, muna roƙon su ba matasa su rubuta tun suna raye, a kawo wa wannan mujalla.

Allah ya jiƙan Modibbo Adama, ya gafarta masa kurakuransa, ya jiƙan iyayenmu da malamanmu da ke kwance a wannan ƙasa. Allah ya zaunar da Yola da Jimeta lafiya, ya ba mu ciniki na halal, ya sa mu gama da duniya lafiya, amin. Wassalamu alaikum.